Yankakkun ƙyallayen ɗinkin bargo: yankan ya yi kyau, jan ya cuce ni

'Yan uwa masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe, duk wadda ke shirin sayen yankakkun ƙyallayen nan da ake talla a intanet, masu inci 5 ta kowane gefe, guda 42 a ƙunshi, ta ɗan dakata ta ji. Ba zan kama sunan mai sayarwar ba, kun dai san irinsu: hoto mai ɗaukar ido, a ƙasa an rubuta wai auduga ce zalla, kuma ba ta zuba.

Gaskiya ɗaya ce, yankan ba shi da makusa. Na ɗora tef a kansu, kowanne daidai da ɗan uwansa. Wadda ta taɓa zama da almakashi tana yanka murabba'ai har yatsa ya yi kanta ta san darajar wannan. Ko da wuƙar nan mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979 ta sauƙaƙa mana aiki, yanka shi ne ke cin lokaci, kuma abu kaɗan hannu zai goce a ɓata yadi. Da na bar kwatan inci na bakin ɗinki, kowane ƙyalle ya koma inci 4 da rabi, kusurwoyi suka haɗu cif, ba ja ba tattara. Har na fara yabon kayan a gaban mutane.

Tsarin da na yi mai sauƙi ne, ja da shuɗi da masu furanni, ina raba su da farin yadi nawa na gida wanda na riga na wanke. Na gama fuskar sama, na shimfiɗa audugar tsakiya, na sa shafi na baya, na bi duka ukun da ɗinki layi-layi, na kama baki. Sai wankin farko. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, bargon shi kaɗai ba tare da wani kaya ba. Ina tsoma shi ruwan ya rine. Ba ɗan ja-ja ba, ja sosai. Kafin in ɗauraye, duk farin da ke maƙwabtaka da jan ƙyalle ya zama ruwan hoda, kuma ba bai ɗaya ba balle a ce ado ne: nan ya yi duhu, can ya yi dabbare-dabbare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan bargon. Rinin ya bi ramukan allura ya ratsa audugar tsakiya, ya fito a jikin shafin ɗigo-ɗigo a jere, daidai inda ɗinki ya bi. Wallahi zama na yi ina kallonsa, na rasa abin cewa.

Na san za a ce me ya hana a wanke su tun kafin ɗinki. Babban yadi ake yi wa haka. Ƙyalle mai inci 5 in ya shiga ruwa bakinsa zarewa yake yi, ga shi auduga na tsukewa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, sai a wayi gari babu biyu da suka yi daidai. To ina amfanin kuɗin yankan da aka biya? Shi ya sa mai sayen irin wannan kaya ba ta da madogara sai maganar mai sayarwa. In ya ce ba ya zuba, a kan maganarsa za ta ɗora aikin makonni.

Wata ta ce in jiƙa da gishiri da ruwan khal. Ban ga komai ba, kuma dama khal rinin ulu da siliki yake taimakawa, ba na auduga ba. Abin da ya ɗan cece ni shi ne ban bari ya bushe ba, ban kuma kai masa dutsen guga ba. Na jiƙa shi cikin ruwan zafi mai yawa da sabulun wanke kwanuka na ruwa, ya kwana, ina canza ruwan duk lokacin da ya yi ja. Yawancin tabon ya fita. Farin dai bai dawo fari ba, ya tsaya a wani launi da ba shi da suna.

A nan na so in yi wa mai sayarwar uzuri, tunda ja da shuɗi mai duhu sun saba zuba ko a yadi mai tsada. Sai na tuna shuɗayen. Tun ina guge bakin ɗinki na lura wasu daga ciki suna ƙyalli suna ɗan takurewa a ƙarƙashin dutse. Na yanki bakin wanda ya rage na kai masa ashana. Auduga in ta ƙone warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule ya bar ƙwallo baƙi mai tauri. Da roba a ciki ke nan. Bayan wanki kuwa na auduga sun tsuke, waɗannan sun ƙi, sai suka yi tudu-tudu a tsakiyar bargon. Wannan ba tsautsayi ba ne, ƙarya ce aka rubuta a talla.

Na tura wa mai sayarwar hotuna. Amsarsa wai a riƙa wankewa da ruwan sanyi, shi kaɗai. Abin da na yi ke nan fa! Sai ya ce zai yi mini ragi in na sake saye.

Masu furannin da masu hasken launi ba su ba ni matsala ba, suna da laushi, allura na shigarsu lafiya. Amma ba a sayar da su su kaɗai, dole ki kwashi jan da shuɗin. Wadda ta riga ta saya, ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a kan kowane mai duhu kafin ta kai shi keken ɗinki; in launi ya fito, ta ware shi gefe. Ni sauran jajayen da su nake gwada ƙarfin zare, ina kuma goge man keke.