Irin ayabar daji da na saya ta intanet: wata goma sha shida ina fama

A watan Nuwamba na 2023 na ga tallar irin ayaba a Facebook. Hoton ne ya ja ni, ayaba ruwan hoda, nonon a tsaye yana kallon sama maimakon ya rataya. Na tura kuɗi, bayan mako biyu direban motar haya ya kira ni in zo tasha a nan Gombe in karɓi saƙo. 'Yar leda ce, ƙwaya goma a ciki, baƙaƙe masu tauri kamar tsakuwar shinkafa, da guntuwar takarda an rubuta Musa velutina, wato sunan wannan ayaba a kimiyyance. Ba bayanin shuka, ba ranar da aka ciro irin.

Goggona da ta gani sai ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ayaba ta fara iri? An dai yi maka sakiyar da ba ruwa." Tana da gaskiyarta. Ayabar da muke saya a kasuwa ba ta da ƙwallo, 'ya'yan da ke fitowa a gindinta ake cirewa a dasa. Amma kakanninta na daji, Musa acuminata da Musa balbisiana na kudu maso gabashin Asiya, cike suke da ƙwallaye, kuma baƙin ɗigon da ake gani a tsakiyar ayabar kasuwa shi ne ragowar wancan irin. Wadda na saya 'yar uwarsu ce, asalinta yankin Assam na Indiya da gabashin tsaunukan Himalaya.

Na jiƙa su a ruwan ɗumi kwana biyu. Uku suka taso sama, na fasa ɗaya na tarar ba komai a ciki sai gari. Nan ne laifin mai sayarwa na farko: irin ayabar daji in ya bushe ya daɗe a ajiye, tsirowarsa sai an yi da gaske, wani ma ya mutu ke nan. Na tambaye shi yaushe aka ciro, ya amsa da "sabo ne, ranka ya daɗe", daga nan bai ƙara ɗaga wayata ba.

Huɗu na fara shukawa, a ɗaki, cikin ƙasar lambu mai laka, ina ba su ruwa safe da yamma don zumuɗi. Duka suka ruɓe. Wannan kam laifina ne.

Sauran ukun ne suka koya mini abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Ƙanena da ya yi karatu a kwalejin aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa ya zo gida, ya duba, ya ce, "Yaya, ai ka shaƙe su. Wannan iri ba ya son zafi iri ɗaya dare da rana. A daji yana kwance a ƙasa har sai bishiya ta faɗi, rana ta samu shiga, ƙasa ta yi zafi da rana ta huce da dare, sannan ya farka." Ya sa na goga gefen kowace ƙwaya a kan siminti kaɗan, yadda ruwa zai ratsa ɓawon ba tare da an taɓa cikin ba. Muka haɗa yashin kwari da ruɓaɓɓen taki rabi da rabi a bokitin fenti da muka huda gindinsa, muka binne su zurfin gaɓar yatsa, muka rufe bakin da farar leda, muka ajiye a tsakar gida inda rana ke bugawa da hantsi. Ashe hunturunmu da muke kuka da shi shi ne maganin. Sanyin asuba na Disamba da Janairu, da zafin azahar, abin da Turawa ke sayen na'ura su yi wa irin ke nan, mu Allah ya ba mu kyauta.

Mako bakwai ina leƙa bokitin nan bayan sallar asuba. Ranar da na ga wani farin tsinke ya huda yashin, siriri kamar allurar ɗinkin buhu, na kira matata da ƙarfi har ta zaci wani abu ne ya samu yara. Ta biyu sai da ta yi wata huɗu, na ma fid da rai. Ta uku har yau shiru.

Iskar da ta taimaka wajen tsiro ita ce kuma ta koma abokiyar gaba. Da na cire ledar, gefen ganyen ya ƙone cikin kwana uku. Sai da na mayar da ita ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kusa da inda ake alwala, na kewaye da zana. Bazara kuwa kowa ya san Gombe da ruwa: daga Maris zuwa Mayu jarka guda ta mai kura nake ware mata duk kwana biyu, matata tana lissafi. Ƙaramar kuma akuyar maƙwabta ta shigo ta gama da ita a tashi ɗaya.

Da damina ta sauka sai ta miƙe, ta kai tsayin ƙirjina, ba ta wuce haka sosai ba, don dama gajera ce. A watan Maris na 2025 'ya'yan suka nuna. Kyau kam ba a magana. Gajeru ne, ba su fi tsawon yatsa ba, jikinsu da laushin gashi kamar karan-miski, kuma in sun nuna ɓawon da kansa yake tsagewa ya buɗe. Yaran unguwa har layi suka yi.

Sai dai ci. Naman fari ne, da ɗan zaƙi, amma ƙwallaye sun fi shi yawa, in ka yi gangancin tauna haƙori zai gaya maka. Tallar ta ce "ayaba mai daɗi", ba ta ambaci wannan ba, laifin mai sayarwa na biyu ke nan. Wanda ke neman abin kai wa kasuwa ko na ba yara, ya je Dadin Kowa ya sayi ɗan ayaba ya dasa, ya huta. Irin wannan ta ado ce, sai kuma masu bincike, kamar yadda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi amfani da wata ayabar daji mai suna Calcutta 4 wajen samar da irin da ke jure cutar baƙin ganye.

In maki zan bayar, irin ya ci uku cikin biyar, don ayabar da ke hoton ita ce ta fito. Mai sayarwa ɗaya, shi ma don saƙon ya iso.

Ƙwallayen da na ciro daga tawa na wanke na shuka a ranar, ba jiƙo ba guga, cikin wata guda fiye da rabi sun fito. Ragowar Goggo ta kwashe a gefen zane, wai za ta ba mai huda ya yi mata carbi.