Ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa: aikin yana da kyau, komawa ce matsala

Yawancin waɗanda ake kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ba gado ake ba su ba. Likita ke duba su, ya rubuta magani, su kwana a gida. Rashin sanin haka ne ya sa sai an gama yawo da majinyaci, wani har an sa masa mari, sannan a kawo shi.

Ranar farko sai an yi sammako. A yanki kati, ma'aikatan jinya su gwada hawan jini da nauyi, sannan a bi layi. Zaman farko yakan yi tsawo, domin tambayoyi ne jigon aikin: yaushe barci ya ƙaurace masa, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana shan wiwi, tramadol ko kodin, akwai mai irin ciwon a dangi? In mace ce, a tambayi ciki da haihuwa. Don haka a zo da wanda suke kwana gida ɗaya, ba kawun da ya biya kuɗin mota kawai ba. A haɗo kwalayen duk maganin da ya sha, har na gargajiya, kada a ɓoye. Babu mai hana addu'a ko ruƙiyya, abin da ake roƙo shi ne kada a ajiye magani saboda su.

Magungunan suna aiki, kuma tsofaffin cikinsu ba su da tsada sosai. Inda asibitin ya gaza shi ne bayani, saboda cunkoso. Maganin ciwon damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, amma iyali sai su ce bai karɓe shi ba tun a kwanakin farko. Magungunan taɓin hankali irin haloperidol da chlorpromazine kan jawo sanƙarewar wuya, karkarwar hannu da dalalar miyau. Wannan kan firgita uwa ta ce ciwon ya ƙaru, alhali illar magani ce da ake gyarawa da rage yawansa ko ƙara benzhexol. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa tun farko, domin wani magani da ake kira valproate yana cutar da ɗan tayi.

Babban gibin shi ne komawa. Mutumin ƙauye ya ji sauƙi, kuɗin mota na mutum biyu ya gagara, magani ya ƙare, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Mai ciwon damuwa yana buƙatar ci gaba da shan magani wata 9 zuwa 12 bayan samun sauƙi, mai taɓin hankali kuwa aƙalla shekara guda, kuma likita ne zai janye shi a hankali. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci. Tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma yana koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi aikin duba masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai dai har yanzu ba ko'ina ya kai ba.

Mai zuwa daga nesa ya tambayi likita ko majinyacinsa ya dace da allurar fluphenazine ta masu taɓin hankali da ake yi duk mako 2 zuwa 4, ya kuma nemi takardar da za a riƙa yi masa ita a asibiti mafi kusa. Wanda yake zancen kashe kansa, ko ya ƙi ci da sha, ko maijegon da ta rikice kwanaki kaɗan bayan haihuwa, ba a jira masa ranar ganin likita. Sashen gaggawa za a kai shi a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.