Tsohuwar bindigar Birmingham: yadda na same ta a filin faifai da a gona

Bindigar nan ta girme ni nesa ba kusa ba. Mai baki biyu ce a jere, lamba 12 (wato ma'aunin faɗin bakinta), ƙirar Birmingham ta shekarun 1950. Na saye ta hannu na biyu a wani shago a nan Ingila, bayan 'yan sanda sun ba ni takardar izini, sun kuma zo har gida sun duba akwatin ƙarfen da zan riƙa kulle ta. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba, kuma har yau ina ganin na ci riba.

Tsarin cikinta shi ne wanda Anson da Deeley suka ƙirƙiro a 1875 lokacin suna aiki a kamfanin Westley Richards, inda suka ɓoye 'yan guduman da ke fasa harsashi a cikin jikin bindigar. Kayan cikin kaɗan ne, shi ya sa ba ta cika lalacewa ba, in ma ta lalace kowane maƙerin bindiga ya san kanta. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne tambarin da ke ƙarƙashin bakunan, na gidan gwajin bindigogi na Birmingham wanda aka kafa tun 1813. Doka ta hana sayar da bindigar da ta zaizaye har ta wuce ma'aunin da aka gwada ta a kai. Duk da haka sai da na kai wa maƙeri ya auna kaurin ƙarfen kafin na biya. Kada kyan itacen goro da zanen furanni su ɗauke wa mutum hankali, lafiyar tsohuwar bindiga a bakinta take.

Wani abin lura kuma: gurbin harsashinta milimita 65 ne, alhali yawancin harsasan da ke kan kanta yau na milimita 70 ne. Na 70 ɗin zai shiga, ta rufe lafiya lau, amma harba shi ganganci ne. Dole ka riƙa karanta kwalin.

A filin harbin faifai na fara gwada ta. Faifan ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 110, na'ura ke cilla shi sama, wani ya taho maka, wani ya gitta, wani ya gangara a ƙasa. A nan kam ba zan yi mata ƙarya ba, ba wurinta ba ne. Nauyinta bai wuce kilo uku ba, saboda haka duk harbi sai ta tokari kafaɗa, kuma da harsashi mai giram 28 kafin a tashi ka ji a jikinka. Da na koma mai giram 21 abin ya yi sauƙi sosai, faifan kuma yana tarwatsewa yadda ya kamata. Itacen riƙon gaba siriri ne, yatsu na taɓa ƙarfe, in an jera harbi sai ya yi zafin da ba ya taɓuwa, sai da safar hannu. Masu baki ɗaya bisa ɗaya sun fi ni maki, ba mamaki, domin don wannan wasa aka ƙera nasu.

Amma ranar da wani manomi ya ba ni izinin tare masa kurciyoyin da ke cinye masa shuka da hunturu, nan na san abin da na saya. Rashin nauyin da ya dame ni a fili shi ya zama alheri, ka yini kana zagaya shinge ba ka gaji da ita ba. Tana hawa kafaɗa kamar hular da aka ɗinka don kanka. Kunamarta biyu ce: ta gaba ta bakin dama ce, mai baza ƙwayoyin harsashi don tsuntsun kusa, ta baya ta hagu, mai matse su don na nesa. Kafin tsuntsu ya gama tashi yatsa ya zaɓi wadda ta dace. Haka na ji daɗinta a farautar makwarwa, wadda lokacinta ke buɗewa 1 ga Satumba ya rufe 1 ga Fabrairu. Ina yin bismillah kafin in saki, wadda na tarar da sauran rai in yanka.

Abin da ke damuna shi ne dalma, wadda ake yin ƙwayoyin harsashi da ita. Tun 1999 aka hana harbin agwagwa da dinya da ita a Ingila, a Yulin 2025 kuma gwamnati ta sanar za ta hana harsashin dalma kusan gaba ɗaya bayan 'yan shekaru. Ƙwayar ƙarfe da ke maye gurbinta ta fi dalma tauri, tana iya kumbura matsattsen bakin tsohuwar bindiga. Akwai ta bismut, wani irin ƙarfe mai laushi, amma tsadarta ba ta wasan faifai ba ce. Maƙerina ya ce zai iya ɗan buɗe bakin hagu don ta karɓi ƙwayar ƙarfe mara ƙarfi sosai. Duk mai shirin sayen irinta ya fara yin wannan tambayar a shago, ya haɗa kuɗin gyaran cikin lissafinsa kafin a yi ciniki.