Wasan Taurarin Besbol na Amurka: Hajar da Ta Gyaru Bayan An Sauke Mata Kaya

Kowace shekara a watan Yuli, hukumar besbol ta Amurka, wato MLB, takan dakatar da gasa na 'yan kwanaki domin ta gabatar wa masu kallo wasan taurari, inda zaɓaɓɓun 'yan wasan rukunin American League ke karawa da na National League. Tashar FOX ce ke nuna shi a kowace shekara tun 2001. Na daɗe ina bibiyar wannan wasa, kuma a ganina ya fi cancantar lokacin mai kallo a yau fiye da yadda yake tsakanin 2003 da 2016, shekarun da aka ɗora masa nauyin da bai dace da shi ba.

An fara wasan ne a 1933 a filin Comiskey Park da ke Chicago, bisa shawarar Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, kuma manufarsa tun farko ita ce nishaɗi da baje kolin gwanaye. Matsalar ta kunno kai a 2002 a Milwaukee, lokacin da ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki da ci 7 da 7 bayan zagaye 11, alhali masu horarwa Joe Torre da Bob Brenly sun riga sun yi amfani da dukkan masu jifansu. Shugaban hukumar na wancan lokaci, Bud Selig, wanda ɗan asalin garin ne, ya amince a tashi wasan babu wanda ya yi nasara. 'Yan kallon da suka biya kuɗin tikiti suka fusata, suka yi ta ihu suna neman a bar 'yan wasa su ci gaba, wasu ma suka yi jifa da kwalabe cikin fili. Fushinsu yana kan hanya, domin an sayar musu da wasa ba a ba su ƙarshensa ba.

Maganin da hukumar ta kawo a 2003 shi ne abin da na kasa yarda da shi har yau. Ta yanke cewa rukunin da ya ci wasan taurari, zakaransa ne zai samu damar wasa a gida a World Series, karawar ƙarshe ta cin kofi tsakanin zakarun rukunonin biyu, wato wasa na ɗaya da na biyu, da kuma na shida da na bakwai idan aka kai can. Kafin nan ana yin karɓa-karɓa ne tsakanin rukunonin biyu shekara bayan shekara, tsarin da shi ma ba ya saka wa ƙwazo, amma aƙalla bai yaudari kowa ba. Sabuwar dokar kuwa garin neman gira ta taɓa ido. Magoya baya ne ke zaɓen waɗanda za su fara wasan, kuma sau da yawa soyayya ce ke jan ƙuri'arsu, kamar yadda aka gani a 2015 lokacin da magoya bayan Kansas City Royals suka yi ta zuba ƙuri'u har 'yan wasansu suka kusa mamaye jerin gaba ɗaya. Ga kuma ƙa'idar da ta wajabta a bai wa kowace ƙungiya wakili ko da guda ɗaya, saboda haka ɗan wasan da ƙungiyarsa ke can ƙasan teburi zai iya yanke wa wata ƙungiyar da ta sha wahalar wasanni 162 na kakar wasa hukunci a watan Oktoba.

Misalin da ya fi ƙona rai shi ne na 2011. A wasan taurarin shekarar a Phoenix, Prince Fielder na Milwaukee Brewers ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga ta kawo ci uku, National League ta yi nasara da ci 5 da 1. Sakamakon haka St. Louis Cardinals ta National League, wadda ta ci wasanni 90 kuma ba ta ma lashe sashenta ba, ta samu damar gida a kan Texas Rangers mai nasara 96. A St. Louis aka buga wasa na shida da na bakwai, kuma Cardinals ce ta cinye su duka ta ɗauki kofi. Ba na cewa filin ne kaɗai ya ba ta nasara, domin Rangers ta kai gab da lashe wasa na shida har sau biyu ta saki, amma duk mai goyon bayan Texas yana da dalilin jin an tauye masa hakki. A 2016 ma, da American League ta ci wasan taurari, Chicago Cubs ta National League da ta ci wasanni 103 sai da ta je Cleveland, mai nasara 94, buga wasa na bakwai, ko da yake a can ɗin ta kawo ƙarshen jiran kofi na shekara 108. A cikin shekaru 14 na dokar, American League ta ci wasan taurari sau 11.

Masu kare dokar suna cewa ta sa wasan ya yi zafi, suna kafa hujja da na 2008 a tsohon Yankee Stadium da ya kai zagaye 15. Na yarda an sha kallo a daren, sai dai masu horarwa ba su daina canza fitattun 'yan wasa bayan bugu biyu ko uku ba, abin da ke nuna su kansu ba su ɗauki wasan a matsayin na neman kofi ba.

Tun 2017, bayan yarjejeniyar hukumar da ƙungiyar 'yan wasa, wanda ya fi yawan nasara a kakar wasa tsakanin zakarun biyu shi ne ke samun damar gida. Daga nan wasan taurari ya samu sarari. Ana maƙala wa 'yan wasa makirufo suna hira da masu sharhi daga cikin fili, mai kallo yana jin yadda mai jifa ke shawarar irin ƙwallon da zai aika, kuma wannan ya fi burge ni a duk shirin, duk da cewa wani lokaci hirar kan yi tsawo har ta rufe abin da ke gudana. A 2025 an kuma dawo da tsarin kowa ya sa rigar ƙungiyarsa, bayan shekaru huɗu magoya baya suna kukan riguna na musamman da suka sa ba a gane waye wane.

A wasan na 2025 a Atlanta an sake tashi kunnen doki, 6 da 6, amma a wannan karon akwai mafita: gasar bugun tsallake katanga tsakanin wakilan ɓangarorin biyu. Kyle Schwarber ya yi bugu uku, duka ukun suka fita waje, National League ta yi nasara. Abin da ya rage armashin shi ne rashin fitattun taurari Aaron Judge da Shohei Ohtani cikin masu bugun, kuma wannan giɓi ne da ya kamata hukumar ta toshe, tun da su ne mutane suka zauna jira. A ƙarshen kakar, Toronto Blue Jays ta samu damar gida saboda ta ci wasanni 94, Los Angeles Dodgers kuma 93, sannan Dodgers ta je har Toronto ta cinye wasa na bakwai a zagaye na 11.