Salun ɗin filaza ko shagon unguwa: ina sabuwar mai gyaran farce za ta fara aiki?

Wadda ta gama koyon gyaran farce a Abuja, Kaduna ko Kano, galibi wuri biyu ke jiranta: babban salun na filaza, irin waɗanda suka cika Wuse 2 da Gwarimpa, ko ƙaramin shagon unguwa inda ake kitso da lalle, a ajiye mata teburi a lungu. A ganinmu, salun ɗin filaza ya fi dacewa da aikin farko, amma sai ya cika wasu sharuɗɗa, kuma da yawa ba sa cikawa.

Dalilin fifikon shi ne yawan hannuwa. A unguwannin da Musulmi suka fi yawa, mata ba sa yawan sa jel ko akrilik, wato sinadaran da ake ɗorawa a kan farce su daskare, saboda suna hana ruwan alwala kaiwa ga farce. Sai lokacin al'ada ko biki ake nema, sauran ranaku aikinki gyaran ƙafa ne da goge kaushi. Akwai kuɗi a ciki, musamman da hunturu lokacin da ƙafafu ke faso, amma hannunki ba zai faɗa a kan akrilik ba idan sai an kwana biyu kike taɓa buroshi. A filaza aiki na zuwa kullum, kuma akwai ƙwararriya kusa da ke da za ta ga kuskurenki tun kafin kwastoma ta gani.

Kafin ki amsa wa Madam mai salun, ki roƙi a bar ki ki wuni ɗaya a shagon kina kallo. Fara da ruwan akrilik. Ɗauki kwalbar ki karanta: sinadarin da ake kira EMA ake so. Idan babu rubutu, an juye shi a wata gora, warinsa na hawa kai, to akwai yiwuwar MMA ne, wani sinadarin mai araha. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun shekarun 1970. Ba ya kama farce sai an gurje shi sosai, yana da taurin da idan kwastoma ta buge hannu, maimakon akrilik ya karye sai farcenta na asali ya ɗaye. Akrilik na EMA kan narke a asiton, ruwan cire akrilik, cikin minti 20 zuwa 30, shi kuwa MMA ana iya haura awa ɗaya ana fama. Kuma ke ce za ki wuni kina shaƙarsa, don haka duba ko akwai taga ko fanka mai fitar da iska waje. Na'urar sanyaya ɗaki juya iskar kawai take yi a ciki.

Sai tsaftar kayan aiki, inda shaguna masu ƙyalli suka fi faɗuwa. Almakashin yanke fata da ƙarfen tura fatar farce, a wanke su da sabulu tukuna, sannan a nutsar da su gaba ɗaya a maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Barbicide na minti 10. Akwatin nan mai shuɗiyar wuta da ake ajiyewa a gaban kwastoma ba ya maye gurbin wannan. Fayil ɗin goge farce na takarda ba ya wankuwa, mutum ɗaya ake yi wa amfani da shi. Idan kin ga ana kankare kaushi da reza, ko ana zubar da ruwan bahon ƙafa a cika wa ta gaba ba tare da an wanke ba, ki yi sallama. Ciwon hanta nau'in B yana bin ɗan yankan da ba a ɗauka a bakin komai ba, kuma ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon suga yana iya zama gyambo.

Tambayi zancen wuta. Jel na buƙatar daƙiƙa 30 zuwa 60 a fitilar LED, ko minti 2 a tsohuwar fitilar UV. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, sama ta bushe ƙasa na ɗanye, aikin ya ɓare cikin kwanaki, sinadarin HEMA na cikin jel da bai daskare ba kuma yana jawo ƙaiƙayi da kumburi a yatsu, na kwastoma da naki. Wanda jikinsa ya fara ƙin sinadarin nan da wuya ya rabu da matsalar. Shagon da ba shi da sola, janareta ko fitila mai caji zai ɓata miki suna. Safar hannu ta roba mai suna naitiril ma a tabbatar wanda zai saya.

A wajen biya ne shagon unguwa yake ɗan ramawa, don sau da yawa kayanki ne, ribarki ce, ki ba mai shago kuɗin teburi. Filaza kuwa kamisho aka fi yi. A ce aikin naira 10,000 ne, rabonki kashi 40 cikin 100. Idan daga jimla ake lissafi, kin tashi da 4,000. Idan sai an cire kuɗin kaya 3,000, saura 2,800. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi mai aikin kamisho ba, haka ma wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, saboda haka yarjejeniyarku ce kaɗai kariyarki. A rubuta ta ko da a WhatsApp ne: ranar biya, wa ke ɗaukar asara idan farce ya ɗago aka dawo gyara, ko kyautar da kwastoma ta ba ki taki ce, da kuma ko an yarda ki sa hotunan aikinki a shafinki na Instagram.