Gargaɗi ga 'yan uwa na Kasala da Gadarif: a gwada farantin sola kafin a biya

Assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp na Hausawa yana tallar ƙananan farantan sola, wai wat 50, a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ya cuce ni, kuma ba na so ya cuci na baya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kowa ya san yadda wuta ta koma. Ni da ɗana mukan haɗa 'yan fitilu da ƙaramar fanka a kan tsohon batirin babur, yaron hannunsa ya faɗa sosai a wannan harka. Shi ya sa da na ga tallar ban tsaya dogon tunani ba. Mutumin ya turo bidiyo, ya ɗora mitar awon wuta a kan wayoyin farantin, ta nuna bolt 20. "Ka gani da idonka, Alhaji," in ji shi. Na tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, kaya suka iso a motar haya.

Kwana uku farantin yana shan rana a kan rufi, batiri bai cika ba.

Nan ne dabarar tasa take. Bolt kaɗai ba ya nuna ƙarfi, ko a inuwar bishiya faranti zai nuna maka bolt mai yawa. Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce magana. Da tsakar rana na mayar da mita kan amfiya 10, na haɗa wayoyinta da na farantin, ja da ja, baƙi da baƙi na 'yan daƙiƙu, ba batiri a tsakani. Na wat 50 na gaskiya kusan amfiya 3 yake bayarwa. Nawa 0.3 ya tsaya. In ka ninka bolt da amfiya ka ɗauki kashi uku cikin huɗu, ka sami ƙarfinsa: wat 4 da rabi ke nan. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, ko mitar ce ta lalace?" Wallahi wannan tambaya ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, don har da ɗan abin da ya tara a ciki.

Da na sani, girmansa ma ya isa ya tona shi. Faranti mai kyau, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, wat 200 ko kusa da haka yake bayarwa. Wannan santimita 30 ne da 20, ko na kirki ne ba zai wuce wat 12 ba. Sai na riƙa rufe gidajensa, wato 'yan murabba'an da ke ƙarƙashin gilashi, ɗaya bayan ɗaya da kwali. Gidan gaske in ka rufe shi amfiya takan faɗi nan take. Layi biyu na gefe na rufe, mita ko gezau. Ado ne kawai a ƙarƙashin gilashi.

Na tura wa mai tallar hotunan gwajin, ya ce zafin Kasala ne. Gaskiya zafi yana rage ƙarfi, amma kaɗan, ba kashi tara cikin goma ba. Washegari ya toshe ni. Yanzu na ga tallar ta dawo da sabuwar lamba, bidiyon dai shi ne, har da tabarmar nan mai shuɗin baki da ya shimfiɗa farantin a kai.

Don Allah duk wanda ya ga wannan bidiyo ya sanar da shugaban rukuninsu. Wanda ba shi da mita ya je wajen mai gyaran waya, ba ya rasa ta.