Gargaɗi kan wani mai sayar da maɗaurin wuyan hannu na 'yan wasan bolin

Sau biyu na tura wa wannan mutumin kuɗi, kuma har yanzu da nake wannan rubutu raina a ɓace yake. Na farko kuɗin kayan ne gaba ɗaya, na biyu kuma abin da ya kira cikon kuɗin aike, wanda bai ambata ba sai da ya ga na farkon ya shiga hannunsa.

Ba da ka na yi cinikin ba. Na daɗe ina wasan bolin, wasan da ake mirgina ƙwallo don a kayar da sanduna goma, da ƙwallo mai nauyin laba 14, wato kilo 6 da ɗoriya, kuma duk wanda ya saba ya san idan wuyan hannu ya lanƙwashe baya a lokacin sakin ƙwallo, babban yatsa ba ya fita daga ramin da ke jikin ƙwallon da wuri, sauran yatsu biyun ba sa samun damar murza ta, sai ta yi tafiyar ƙafa 60 ta tsawon layin wasan a mace, ta isa wurin sanduna goma ba ƙarfi. Aikin maɗaurin shi ne ya riƙe hannu a miƙe, kuma sillen ƙarfen da ke cikinsa ta bayan hannu shi ne komai nasa. Shi ya sa na tambaye shi kai tsaye ko ƙarfe ne a ciki.

Amsarsa ce take ta dawo mini a rai. Ya ce ƙarfe ne, sannan ya tambaye ni da wane hannu nake jifa da kuma faɗin tafina. Wannan tambayar ce ta sa na saki jiki, domin ai maɗaurin dama daban, na hagu daban, sai na ɗauka wanda ya san haka ya san sana'arsa. Ya tambaye ni hannun da nake jifa da shi, na ce masa dama, kuma na hagu ya aiko mini.

Ya toshe ni ranar da na tura masa hoton abin da ya iso. A'a, kafin nan sai da ya ce kuskuren ma'aikacinsa ne, in ƙara wani abu ya canza mini, na ƙi, domin da ya zama sau uku ke nan. Kayan ma sai da suka yi kwana 19 a hanya, ba kwana 5 da ya yi alkawari ba. Da na farke ɗinkin da reza, roba na tarar, siririya, wadda na lanƙwasa da yatsu biyu ba tare da na sa ƙarfi ba. Mannen maɗaurin kuwa ya saki tun ɗaurin farko. Wanda yake fama da ciwon wuyan hannu, ya dogara da wannan ya ɗauki ƙwallo mai laba 16, Allah kaɗai ya san raunin da zai ji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na duba hotunan kayan da ya saka, na karanta yabon masu saye, na yi tambayar da ta dace, amma duk da haka na biya sau biyu. Daga baya ne na ga hotunan nasa a shafin wani kamfani, ya kwafo su ne kawai ya goge tambarin.

Hotunan hirarmu da shaidar biyan kuɗin duka biyu suna wurina, zan saka su da zarar na rufe bayanan asusuna. Kada ku biya kafin ya nuna muku bidiyon ƙarfen a zare daga cikin maɗaurin, kuma idan ya nemi ƙarin kuɗi bayan an gama ciniki, ku tsaya a nan.